KOWANE ITACE DA MATAKINSA: DAGA DUWATSUN MAMBILA ZUWA FADAMAR HAƊEJIYA

Kowace shekara idan damina ta kama, akan raba dashen itatuwa a ƙasar Haɗejiya, manoma su karɓa su dasa, amma kafin shekara ta zagayo sai a tarar da yawa sun mutu. Akan ɗora laifin a kan awaki, ko gara, ko rashin ban ruwa. To, waɗannan duka suna da nasu laifin. Amma akwai wani dalili wanda ba a cika kula da shi ba, watau dasa itace a wurin da ba nasa ba. Mangwaron da aka dasa inda gabaruwa ya kamata ta tsaya, ruwa ne zai ci shi. Giyayyar da aka kai kan jigawa kuwa, ƙishirwa ce za ta kashe ta.

Ƙasa tamkar tsani take, kowane itace da matakin da yake zaune a kai. Inda wannan magana ta fi fitowa fili shi ne kan manyan duwatsu, don a can matakan suna da nisa da juna, kowa na iya ganinsu. Saboda haka za a fara duba tsanin dutse tukuna, sa'an nan a komo a duba na fadamar Haɗejiya, wanda yake ƙarami ne ƙwarai amma dokarsa ɗaya ce da ta wancan.

ME YA SA SAMAN DUTSE KE DA SANYI

Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi, wanda kuma ake kira Gangirwal. Yana cikin gandun daji na Gashaka-Gumti, a Jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru. Tsawonsa mita 2,419 ne daga gaɓar teku, watau kusan ƙafa 8,000. Garin Haɗejiya kuwa kimanin mita 350 yake. Kudu da gandun akwai tudun Mambila, inda garin Gembu yake, inda kuma ake noman ganyen shayi a Kakara.

Masana sun auna sun ga duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da digiri 6 ko ɗan fiye. Bisa wannan lissafi, ranar da ma'aunin zafi ya kai 40 a Haɗejiya cikin watan Afrilu, wanda ke tsaye a wuri mai tsawon Chappal Waddi bai fi ya ji 27 ba. Da dare kuwa sai da bargo.

Wannan sanyi shi ke jawo ruwa. Idan iskar damina ta taso daga teku ɗauke da laima, ta iske dutse a gabanta, tilas ta hau. Tana hawa tana yin sanyi, ita kuwa iska mai sanyi ba ta iya riƙe laima da yawa, sai ta zama gajimare ta kwanta a jikin dutsen. Mutanen wurin sukan wayi gari cikin hazo, amma ba irin hazon hunturu mai ƙura ba, hazo ne na ruwa, wanda ke jiƙa riga ko ba a yi ruwan sama ba. Ganyen itatuwa yakan tare wannan hazo, ya taru ya riƙa ɗiga ƙasa. Kurmin da ke samun ruwa ta wannan hanya shi ake kira kurmin gajimare. Akwai irinsa a Kamaru, da gabashin Afirka, da Amurka ta Kudu, da tsibiran Asiya.

ABIN DA MAI HAWA ZAI GANI

Wanda ya tashi daga gindin duwatsun Gashaka, inda tsawon ƙasa bai kai mita 500 ba, zai fara ratsa dajin da ya saba gani a kudancin ƙasar Hausa: kaɗanya, ɗorawa, maje, doka, da kurmi mai duhu a bakin rafuka. Yana ƙara hawa waɗannan suna raguwa, har su ɓace. Daga nan sai ya shiga wani kurmi dabam, wanda yawancin itatuwansa ba su da suna da Hausa.

Misalin da aka fi sani shi ne kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa a kan Mambila. Yana tsakanin mita 1,400 da 1,600, kuma tun 1969 aka keɓe shi ya zama gandun daji. Ruwan da ake yi a wurin cikin shekara yakan kai milimita 1,800, watau kamar sau uku na Haɗejiya. Itatuwan dogaye ne, rassansu sun haɗe sun rufe sama, jikinsu kuwa ya lulluɓe da gansakuka da ƙananan tsirrai. Wani ma'aikacin daji, J. D. Chapman, ya zaga kuramen wannan yanki cikin shekarun 1970 yana rubuta itatuwansu, daga baya kuma 'yarsa Hazel Chapman, ta wata jami'a a ƙasar Niyu Zilan, ta kafa wurin bincike a Ngel Nyaki.

Idan aka haura mita 2,000, sai kurmin ya sake kama. Itatuwa su gajarce, su karkace, ganyensu ya ƙanƙance ya yi kauri, irinsu kuma ya ragu. A nan akan sami wani itace da masana ke kira Prunus africana, wanda ake sayen ɓawonsa a kai Turai don haɗa maganin ciwon mafitsara na dattawa. Saboda yawan ɓare shi, tun 1995 aka sa cinikinsa ƙarƙashin dokar ƙasa da ƙasa. Can ƙoli kuwa ciyawa ce ta fi yawa, kurmi ya maƙale cikin kwazazzabai inda wuta da iska ba su cika kai masa ba.

Ba yau aka fara lura da wannan ba. A 1802 wani Bajamushe, Alexander von Humboldt, ya hau dutsen Cimborazo a ƙasar da ake kira Ekwado yanzu, ya zana taswirar dutsen, ya rubuta sunan kowane tsiro daidai tsawon da ya same shi. Tun daga lokacin, kusan duk dutsen ƙasashen zafi da aka auna, abu ɗaya ake gani: irin itatuwa ya fi yawa a ƙasa da ɗan tsakiya, ya yi ta raguwa zuwa sama.

MANTA-UWA DA DANGINSA

Akwai wasu tsirrai waɗanda nasu lissafin ya ɗan bambanta. Su ne dangin furannin da masana ke kira okid. A duniya akwai irinsu wajen 28,000, kuma yawancin na ƙasashen zafi ba a ƙasa suke tsirowa ba, a kan rassan itatuwa suke zama. Hausawa sun san ɗaya daga ciki, suna kiransa manta-uwa, don mutanen da sukan sa shi cikin maganin yaye, wai yaro ya manta da nono. Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya rubuta wannan suna. Akan same shi a hammatar manyan itatuwa a ƙasashen da suka fi Haɗejiya laima. Furensa rawaya ne da ɗigo-ɗigo masu duhu kamar fatar damisa.

Kada mai karatu ya ɗauka manta-uwa da kauci abu ɗaya ne, ko da yake duka biyu a kan itace ake ganinsu. Kauci yakan huda reshe, ya sa bakinsa ciki, ya riƙa shan ruwan itacen, har reshen ya bushe. Manta-uwa kuwa masauki kawai ya nema. Saiwarsa tana manne a bayan ɓawo, ba ta shiga ciki. Tana da wata farar riga mai kama da soso, wadda ke tsotse ruwan sama da raɓa da hazo, sa'an nan ya adana ruwan cikin kararsa mai kauri. Wasu saiwoyin kuma sukan miƙe sama kamar kwando, su tare busassun ganyaye, su ruɓe, su zame masa taki.

Tun da ba shi da saiwa a ƙasa, rayuwarsa duka ta rataya ga laimar iska. Don haka dangin okid sun fi yawa a tsakiyar dutse, daidai inda gajimare ke kwanciya. A gindi zafi da rani sun yi musu yawa, a ƙoli kuma sanyi da iska. Dutsen Kinabalu da ke tsibirin Borniyo, mai tsawon mita 4,095, an ƙidaya okid fiye da iri 700 a kansa, kuma a tsakiyarsa suka fi cunkushewa.

Wani abin kuma, 'ya'yan okid kamar ƙura suke. Kwanso ɗaya yakan ɗauki fiye da dubu ɗari, amma ba su da guzuri a ciki irin na ƙwayar gero ko wake. Ba sa tsirowa sai sun faɗa inda akwai wasu siraran zaruruwa, dangin naman kaza, waɗanda za su ciyar da su. Bayan haka sai sun yi shekaru kafin su yi fure. Saboda haka yawan okid a kurmi shaida ce ta cewa kurmin tsoho ne, bai sha gatari da wuta ba. Idan aka sare manyan itatuwa, rana da iska suka shiga, su ne farkon masu ɓacewa, kuma su ne na ƙarshen dawowa. 'Yan kasuwa kuma su sani, banila da ake sa wa cikin biskit da kek don ƙanshi, kwanson wani okid ne, kuma ƙasar Madagaska ce ta fi kowace sayar da ita.

TSANIN HAƊEJIYA

To, mai karatu zai ce, ina ruwan manomin Auyo ko Guri da wannan, ga shi ƙasarsa shimfiɗe take kamar faifai, babu dutse babu gajimare? Amsa ita ce, shi ma yana da tsaninsa, sai dai na dutse da ɗaruruwan mita ake auna shi, nasa kuwa da taƙi da kamu. A kan dutse sanyi da hazo ke raba matakai. A fadama kuwa abu biyu ne: tsawon kwanakin da ruwan ambaliya ke yi a wuri, da zurfin da saiwa za ta yi kafin ta iske ruwan ƙasa da rani.

Ruwan kansa daga tuddai yake zuwa. Kogin Kano ya taso daga gefen arewa na tudun Jos, ya haɗu da na Calawa, suka zama kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are ma daga tudun Jos ya gangaro. Da suka iso ƙasa mai laushi, sai suka iske tsofaffin jigayin rairayi a jere, waɗanda iska ta tara tun dubban shekaru da suka wuce, lokacin da hamada ta fi kusa. Ruwa ya rarrabu tsakaninsu, ya yi rassa da tafkuna, kafin ya sake haɗuwa wajen Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Wannan ya sa cikin tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba, mutum na iya taka ruwa, da laka, da tudu, da jigawa. Ga matakan daga ƙasa zuwa sama.

Na ɗaya, inda ruwa ke daɗewa har tsakiyar rani ko ma bai ƙafe ba. Nan babu itace. Sai bado, da burgu wanda shanu ke so, da kacala. Dalili kuwa, saiwar itace tana numfashi kamar yadda ɗan Adam ke yi. Idan ruwa ya cika ƙofofin ƙasa ya hana iska shiga, saiwa takan shaƙe ta ruɓe.

Na biyu, inda ruwa ke kwana wata biyu ko uku kowace shekara, daga wajen Agusta, sa'an nan ya janye. Wannan gidan giyayya ne da gabaruwa. Su biyun suna iya tsayawa cikin ruwa har ƙugu watanni, muddin dai zai janye ƙasa ta sha iska. Gabaruwa dukiya ce: 'ya'yanta majema ke saye don jimar fata, icenta kuwa ƙarfi gare shi, gara ba ta cika cinsa ba. A ƙasar Sudan, a bakin kogin Nilu, an daɗe ana renon kuramen gabaruwa a wuraren da ambaliya ke shiga, ana samun katakon shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga gare su.

Na uku, bakin fadama, inda ruwa ke taɓawa 'yan kwanaki, ko kuwa sai shekarar babbar ambaliya. Nan ne irin itatuwa ya fi yawa, kamar yadda okid ya fi yawa a tsakiyar dutse, don wurin bai cika jiƙa ba, bai kuma cika bushewa ba. A nan ake samun kanya, tsamiya, ɓaure, marke, da dushe a inda ƙasa ke da yumɓu. Manomi ya lura da abu biyu a wannan mataki. Na farko, gaɓar kogi sau da yawa ta fi fadamar da ke bayanta tudu, domin idan kogi ya cika ya tumbatsa, a bakinsa yake fara zubar da rairayi. Shi ya sa akan ga manyan itatuwa a jere a bakin ruwa, alhali can baya babu. Na biyu, tsohon suri. Akan ga tsamiya ko kanya tsaye tsakiyar fadama inda ba wurinta ba, in aka duba gindinta sai a ga kan suri take. Tsawon kamu biyu ko uku da gara ta ɗaga ƙasa ya isa ya ɗauke itacen daga mataki na biyu ya kai shi na uku.

Na huɗu, gidan goruba. Ruwan ambaliya ba ya zama a nan, amma ruwan ƙasa yana kusa. Inda goruba ta yi yawa, mahaƙin rijiya ba ya shan wuya. Tana kuma jure ƙasa mai kanwa-kanwa wadda wasu itatuwa ke gudu. Daga ita ake samun kaba ta saƙar tabarma da tufkar igiya, da 'ya'yan da ake kai wa kasuwannin nesa. Gidaje da yawa a wannan yanki da kuɗin kaba suke cike giɓin rani.

Na biyar, tudu, inda ake noman gero, dawa, wake, riɗi da zoɓo. Itatuwansa su ne gawo, kuka, aduwa, kurna, magarya, kalgo, da darbejiya wadda baƙuwa ce daga ƙasar Indiya. Gawo ya fi kowanne amfani ga manomi, don da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su taru a gindinsa su bar taki. Abin da ya ba shi ikon yin haka shi ne doguwar saiwarsa wadda ke kai wa ga ruwan ƙasa. Watau shi ma, ko da yake yana tudu, da ruwan fadama yake rayuwa.

Na shida, kan jigawa, inda rairayi ba ya riƙe ruwa kuma rijiya ke da zurfi. Nan sai masu haƙuri: sabara, tumfafiya, da dakwara mai ba da ƙaro.

TSANI YANA MOTSI

Matakan nan ba a kafe suke ba. A kan duwatsu, yayin da duniya ke ƙara zafi, an ga tsirrai suna matsawa sama a hankali, na ƙoli kuwa ba su da inda za su. A Ngel Nyaki kuma wutar daji da kiwo suna cin bakin kurmin, har masu bincike suka kewaye wasu wurare da waya don itatuwa su sami sukunin dawowa.

A Haɗejiya motsin ya fi sauri. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Tsakanin nan an yi fari mai tsanani, a farkon shekarun 1970 da kuma 1983 zuwa 1984. Filin da ambaliya ke rufewa ya ragu ƙwarai. To, ita ambaliya ba shinkafa da kifi kaɗai take bayarwa ba, ita ce ke nitsewa ta cika rumbun ruwan ƙasa. Da ta ragu, sai ruwan ƙasa ya yi nisa a wurare da dama, itatuwan mataki na biyu da na uku suka wayi gari a kan tudu ba tare da sun motsa ba, da yawa suka bushe a tsaye.

Sa'an nan ga ɗaya gefen. A da, kogin yakan ƙafe da rani. Bayan madatsu, sai aka riƙa sako ruwa rani da damina. Kacala, wadda bushewar rani ke kashewa a da, ta sami yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru. Ruwa ya karkata ya fi bin mashigin Marma zuwa tafkin Nguru, ya kwanta dindindin a gonaki da makiyaya, alhali wasu rassan, kamar Burum Gana, suka rasa nasu rabon. Gabaruwa da giyayya suna jure ruwan wata uku, amma ba sa jure na shekara. Wurin da yake mataki na biyu ya koma na ɗaya, watau inda babu itace. Haka kuma manyan ambaliyar 2018, da 2020, da 2022 sun kai ruwa har inda aka ɗauka tudu ne, lambuna da yawa suka tafi.

Ga kuma gatari. Icen girki da gawayi da ake lodi zuwa birane, yawanci daga mataki na biyu da na uku ake saro su, domin nan ne ice mai nauyi yake. Kurmin Baturiya, a ƙasar Kirikasamma, na daga cikin wuraren da suka rage inda mutum zai ga matakan nan a jere. A 2008 aka sa shi cikin jerin fadamu masu daraja na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin sababbin gandayen daji na ƙasa da ta amince a kafa. Amma takarda ba ta tsare itace, sai mutanen da ke zaune kusa da shi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, manomi ya san matakin gonarsa kafin ya karɓi dashe. Hanya mai sauƙi ita ce, idan ruwa ya janye cikin Oktoba ko Nuwamba, ya zaga ya duba alamar laka a jikin itatuwa da tururuwan shinge, ya sa shaida. Cikin Afrilu ko Mayu kuma ya duba zurfin rijiya mafi kusa. Waɗannan biyu, iyakar ruwa ta sama da ta ƙasa, su za su gaya masa abin da zai rayu a wurin. Ya kuma tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a shekarun babbar ambaliya, don itace na shekara hamsin ne, ba na damina ɗaya ba.

Na biyu, ya dubi abin da ya tsiro da kansa. Inda giyayya take, kada a kai lemo ko gwanda. Gwanda ko kwana biyu ruwa ya yi a gindinta ta tafi, lemo ma ba ya son jiƙar ƙafa. Gwaiba ta fi su haƙuri. Mangwaro babba yana jure 'yan kwanaki, amma ƙarami ba ya jurewa. Wurin lambun 'ya'yan itace shi ne inda kanya da tsamiya suke, ko gidan goruba. Wanda ba shi da irin wannan wuri sai ya yi koyi da gara, ya tara ƙasa ya yi tudu mai faɗi, ya dasa a kai.

Na uku, lokacin dashe ya bambanta. A tudu da jigawa, sai damina ta zauna ƙasa ta jiƙa sosai. A fadama kuwa gara a jira ruwa ya janye a dasa cikin danshin da ya bari, don itacen ya sami watanni ya yi tsawo kafin wata ambaliyar. Ko gabaruwa, in ruwa ya shanye kanta tana ƙarama, mutuwa take yi.

Na huɗu, itacen da ya fi arha shi ne wanda ya tsiro da kansa, don ya riga ya zaɓi matakinsa. A wajen sassabe, a bar tohon kututture ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sassake sauran. Manoman ƙasar Maraɗi sun kama wannan dabara tun cikin shekarun 1980, ta bazu zuwa Damagaram, har aka sami miliyoyin kadada da suka sake yin itatuwa ba tare da dashe ba. Dabbobi ma suna taimako, don ƙwayar gawo da ta gabaruwa sun fi saurin tsirowa idan sun bi ta cikin akuya ko saniya, kamar yadda birai da tsuntsaye ke yaɗa iri a kurmin Ngel Nyaki.

Na biyar, idan aka ga kauci a reshe, a sare reshen daga bayan inda ya kama, kafin tsuntsaye su kai 'ya'yansa wani itacen. Amma wanda fatauci ko aiki ya kai shi kudu, ya ga manta-uwa a kan itace, ya bar shi, ba ya cutar da komai.

Ma'aikata da 'yan kasuwa masu sayen fili kuma, wannan magana ta shafe su. Da rani duk ƙasa kama ɗaya take, busasshiya, mai sayarwa kuwa ba lalle ya faɗi abin da ke faruwa cikin Satumba ba. Mai saye ya dubi itatuwan wurin. In ya ga giyayya, ko kututturanta, ko ƙasa baƙa mai tsagewa, ya sani gonar shinkafa yake ciniki, ba filin gini ba. In ya ga gabaruwa a bushe a tsaye da kacala kewaye, ruwa ya riga ya karɓi wurin. In kuwa tsofaffin kuka da gawo ne masu lafiya, to, an daɗe ruwa bai kwana a nan ba.

Masu cinikin kaba, da bagaruwar jima, da ƙaro, da zuma, su ma su tuna kowane ɗaya daga cikin kayan nan daga mataki guda yake fitowa. In matakin ya tafi, cinikin ya tafi. Saboda haka ya kyautu sarakunan noma da masu unguwanni su zauna da masu saran ice da makiyaya tun kafin rani, a yanke inda za a sara da inda za a bari, musamman bakin fadama, inda itatuwa suka fi yawan iri kuma suka fi wuyar mayarwa. Wanda ke neman ƙarin bayani a kan irin da ya dace da gonarsa, sai ya nemi malamin gona ko malamin daji na yankinsa, ya kai shi wurin ya gani da idonsa kafin a haƙa rami.